RA'AYINMU: 'YA'YAN SABO DA TASWIRAR DA TA TSUFA A BANGO

Kwanan baya ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya raka wani ɗan'uwansa, mai sayar da goro a Sabo ta Ibadan, watau Badun, zuwa wata makarantar sakandare inda ɗansa yake karatu. Suna jiran malamin ajin sai idonsu ya kai kan taswirar Nijeriya da aka liƙa a bango, duk ta koɗe, gefenta guda gara ta ci. Uban yaron mutumin Gusau ne, saboda haka ya ce wa ɗan nasa ya nuna masa Jihar Zamfara. Yaro ya duba sama ya duba ƙasa, ya bi da yatsa tun daga Sakkwato har Katsina, bai ga Zamfara ba. Ba laifinsa ba ne. Taswirar ta zamanin jihohi 30 ce, an buga ta tun kafin 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Zamfara da Gombe da Nasarawa da Ekiti da Ebonyi da Bayelsa. Ita ke nan taswirar da ajin ya mallaka, kuma malamin ya ce ajin da ke maƙwabtaka da su ko irinta ma ba su da ita, aro suke zuwa.

Ba mu kawo wannan labari don mu muzanta wata makaranta ko wani malami ba. Mun kawo shi ne domin duk ɗan Arewa da ke zaune a Kurmi, ko a Sabo ta Badun yake, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Shagamu, in ya leƙa ajin ɗansa yau, da wuya ya rasa ganin abin da ya yi kama da wannan. Kuma ra'ayinmu shi ne, wannan ɓaraka ce da jama'ar Sabo za su iya ɗinke mafi yawanta da hannunsu, ba tare da sun zauna jiran kowa ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne wurin da abin ya faru. Da a wani ƙauye ne can bayan Kauran Namoda, da sai a ce nisa ne. Amma Badun fa ita ce uwar littattafan makaranta a ƙasar nan. Daga Sabo zuwa unguwar Jericho, inda manyan kamfanonin buga littattafai suka kafa ofisoshinsu tun da daɗewa, irin su University Press da Evans da Heinemann, tafiya ce da mai babur zai yi cikin 'yan mintoci. In kuma mutum ya tashi daga shataletalen Mokola ya miƙe ta Sango, ba da jimawa ba zai isa Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe cikin 1948. A cikin harabarta ne Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa take, wadda Farfesa Kenneth Dike ya yi ɗawainiyar kafawa cikin 1954. A jami'ar nan ne marigayi Farfesa Akin Mabogunje ya koyar da labarin ƙasa, mutumin da ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, ya rasu cikin 2022. Har littafin nan na Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito cikin 1967, a jami'ar nan aka yi aikinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan: kogin ilmin ƙasa da na tarihi yana gudana ta ƙofar gidanmu, 'ya'yanmu kuwa suna taimama.

To, wani zai ce mene ne abin tayar da hankali a kan taswira? Ai ba lissafi ba ne, ba Turanci ba ne, ba kimiyya ba ce. Wannan magana mun sha jin ta a bakin iyaye, har ma da wasu shugabannin makarantu, kuma ita ce ta kai mu inda muke.

Amsa ta farko ta jarrabawa ce. Duk yaron da ya zaɓi labarin ƙasa a babbar sakandare, ranar jarrabawar WAEC za a ajiye masa taswirar wani yanki a gabansa, kuma tambayar da ke kanta tilas ce, ba ta da zaɓi. Irin taswirar nan ce ta ma'aikatar safiyo, wadda aka fi yi da ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Za a ce ya auna tsawon hanya ko kogi, ya faɗi inda tudu yake da inda kwari yake ta hanyar duban layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tsayin ƙasa, ya rage girman taswirar ko ya ƙara, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ƙauyuka suka taru a nan suka guje wa can. Wannan aiki ne na hannu da ido. Ana koyonsa da zare da rula da fensir, kamar yadda ake koyon ɗinki a kan keke. Yaron da bai taɓa riƙe irin takardar nan ba sai ranar jarrabawa, ko da ya haddace littafin Iloeje daga bango zuwa bango, ya shiga kokawa ne da wanda bai taɓa gani ba. Mai wannan rubutu shaida ne, domin a makarantar da ya yi can Arewa ƙwallon duniya guda ɗaya tak aka mallaka, yana kulle a kabad ɗin ofishin shugaban makaranta, ba a fito da shi sai ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata. Shekara uku muka yi muna zana shi a littafi daga hoton da malam ya zana a allo.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma mu 'yan ci-rani da mazauna Kurmi ta fi shafa. Yaron da aka haifa a Sabo gari biyu gare shi. Yana jin Yarbanci kamar Bayarabe, in an tambaye shi garinsu kuma ya ce Kano ko Katsina ko Sakkwato, alhali watakila sau biyu ya taɓa zuwa, da Sallah. In makaranta ba ta nuna masa inda waɗannan garuruwa suke ba, da abin da ya haɗa su da inda yake zaune, to zai tashi baƙo a nan, baƙo a can. Haka kuma ɗan Bayaraben da suke zaune benci ɗaya: in ba a koya masa cewa Hausawa suna cikin Badun tun ƙarni na 19 ba, cewa unguwar Sabo kanta an kafa ta cikin 1916, tun kafin a haifi kakansa, zai girma yana ɗaukar abokinsa wanda ya sauka daga mota jiya. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha cikin watan Fabrairu na 2021 ba, inda saɓani tsakanin mutum biyu ya zama wutar da ta ci rayuka da rumfuna da gidaje, jama'a da yawa suka kwashe iyalinsu suka yi Arewa. Ba mu ce taswira za ta hana rikici ba, wannan wauta ce. Amma mun tabbata mai zuga ya fi samun kasuwa wurin matasan da ba su san komai game da juna ba.

A nan dole a faɗi gaskiya game da hukuma. Gwamnatin Tarayya da kanta ta cire tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka fara aiki da hakan wajen 2009, aka ce wai an narkar da shi cikin darasin zamantakewa. Shekaru suka shuɗe, malaman tarihi suka koma koyar da wasu abubuwa, kamfanoni suka rage buga littattafansa tun da babu masu saye. Labarin ƙasa shi ma ya zama na ganin dama a babbar sakandare. Daga baya aka gane an yi kuskure. Cikin Nuwamba na 2022 aka yi bikin maido da tarihi, aka ce za a horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja, cikin 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sake shelar cewa tarihin Nijeriya ya zama tilas tun daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Madalla da wannan. Sai dai malami ɗari a jiha mai makarantu dubbai kamar ɗigon ruwa ne a kan tandu. Kuma shela ba ta rataye taswira a bango. Gwamnatin Jihar Oyo ta soke kuɗin naira 3,000 da ake karɓa daga ɗaliban sakandare cikin 2019, ta kuma raba littattafai, abin a yaba ne. Amma kowa ya san in an zo rabo, Turanci da lissafi da kimiyya ake fara sallama, abin da ya rage, in ya rage, shi ke kaiwa ga malamin labarin ƙasa.

Mene ne ma ajin yake bukata? Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Taswirar Nijeriya ta yanzu mai jihohi 36 da Abuja, da ta Afirka ta Yamma, da ta duniya. Ƙwallon duniya wanda yara za su taɓa, su juya, ya tsufa a hannunsu. Littafin taswirori, in ba a samu kowane yaro da nasa ba, a samu ɗaya a kowane benci. Takardun safiyo ko da ashirin ne, a sa musu leda don su daɗe. Kamfas, da ma'aunin zafi, da ma'aunin ruwan sama, wanda ma malami mai himma zai iya haɗawa da kwalba da mazurari. Duk wannan in aka tara kuɗinsa na aji guda, ba mu jin zai kai abin da ake kashewa a walimar suna ɗaya ta wani mai hali a Sabo.

Sai dai muna jan kunnen masu niyyar saye su buɗe ido, kada a maye tsohon kuskure da sabo. A duba shekarar bugu. Taswirar Afirka da ba ta nuna Sudan ta Kudu ba, wadda ta sami 'yanci cikin 2011, ta tsufa. Sa'an nan akwai batun siffa. Yawancin taswirorin duniya da muka saba gani a bango an yi su ne bisa tsarin wani Bature mai suna Makato, wanda ya fito da shi cikin 1569 don amfanin matuƙan jiragen ruwa. Tsarin yana kumbura ƙasashen da ke kusa da ƙarshen duniya na arewa da kudu, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. Cikin Agusta na 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan masu neman a bar wannan tsari a makarantu a koma ga wanda ke nuna girman kowace nahiya daidai. Wanda zai sayi ta duniya ya tambayi mai kanti wace iri ce.

Amma babban abin da muke so mu jawo hankalin jama'a gare shi ba a kanti ake sayensa ba. Sabo ita kanta littafi ce, kuma babu kamfanin da ya buga kamarta.

A ɗauki saniya. Me ya sa ake kiwonta a Arewa a yanka ta a Kudu? Malami ya tsaya a kan wannan tambaya kaɗai, ya gama rabin darasin yanayi da tsirrai: ruwan sama da ya fi yawa a Kurmi, har damina takan rabu biyu da ɗan tsagaitawa cikin Agusta, da dajin da ke ɓoye ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, da filayen ciyawa na Arewa inda damina gajera ce. A ɗauki goro kuma, wanda tafiyarsa kishiyar ta saniya ce. A Kurmi yake fita, a Arewa ake cinsa. Kakanninmu har Gwanja suke zuwa nemansa da jakuna, tafiyar watanni, kafin Yarbawa su dasa shi da yawa a wajajen Agege da Shagamu, kafin kuma jirgin ƙasa, wanda ya iso Badun cikin 1901 ya kai Kano cikin 1911, ya mai da tafiyar watanni ta kwanaki. Yadda ake naɗe huhu da ganye don kada goro ya bushe a hanya, da yadda maigida yake saukar da baƙo ya tsaya masa a kan bashin mahauta, da aikin dillali, duk darussa ne na ciniki da sufuri waɗanda littafi yake bayyanawa da misalan ƙasashen da yaro ba zai taɓa gani ba. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zo ya zauna a Sabo wajen 1962 da 1963 yana tambayar dattawa waɗannan abubuwa, ya buga littafi cikin 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka. Dakta Mahdi Adamu kuma ya rubuta nasa cikin 1978 a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Jikokin waɗanda aka yi wa tambayoyin suna nan cikin ajin da muka ambata, kuma da wuya a sami ɗaya da ya san an taɓa rubuta labarin unguwarsu.

Dattawan da suka ga zamanin da ake koro shanu da ƙafa, ko suka yi lodin goro a tashar jirgi, saura ƙalilan. Kowace shekara ana binne wasu tare da abin da suka sani. Mene ne wahala a ce malamin tarihi ya gayyaci ɗaya daga cikinsu ya zauna gaban aji na sa'a guda, yara su tambaye shi, wani ya fassara wa waɗanda ba su jin Hausa, a ɗauki muryarsa da waya? Mene ne wahala a ba 'yan aji huɗu aikin zana taswirar Sabo da ƙafarsu, tun daga filin wasa na Adamasingba, wanda a da filin sukuwa ne, har zuwa babban masallaci da layin 'yan canji? Ko a hau da su tudun Mokola, ko hasumiyar Bower da ke Oke Are, su ga gari a shimfiɗe, su ga da idonsu abin da layukan nan masu lanƙwasa suke nufi? Daga can za a nuna musu kwarin da kogin Ogunpa yake bi, a gaya musu abin da ya yi ran 31 ga Agusta 1980, da ambaliyar da ta sake auka wa garin ran 26 ga Agusta 2011, su fahimci abin da ke faruwa in an yi gini a hanyar ruwa an cika magudana da shara. Akwai kuma gidan kayan tarihi na ƙasa a Aleshinloye. Kuɗin mota ne kawai.

Mun san akwai waɗanda har yanzu suke ganin zanen ƙasa al'adar Nasara ce, ba abin da ɗan Musulmi zai ɓata lokaci a kai ba. Muna tuna musu cewa lokacin da Baturen nan Kilafaton ya isa Sakkwato cikin 1824, daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sami taswirar ƙasashen Sudan da kogin Kwara, ya tafi da ita Ingila aka buga ta a littafi. Shi kuma Sarkin Musulmi Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashe da al'ummomin da ke cikinsu kafin ya shiga labarin jihadi. Da Hausa ma ba a bar mu hannu rabbana ba: akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya tun shekarun 1930, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji. Makarantun Islamiyya na Sabo, waɗanda jama'a ke riƙe da su da kuɗinsu, babu abin da zai hana su ajiye waɗannan a kanta, su rataye taswirar da yaro zai ga hanyar da alhazan da suka bi ta Barno da Sudan zuwa Makka.

Wasu kuma za su ce ai yanzu komai yana cikin waya. Gaskiya ne direban da ya ɗauko tumatir daga Kano yakan duba Google Maps, kuma malamin da ya sami kwamfuta da intanet zai iya nuna wa yara rufin gidansu daga sama, abin da Mabogunje kansa bai samu ba yana ɗalibi. A yi amfani da ita in an samu. Amma waya tana gaya maka ka juya dama ne, ba ta koya maka dalilin da ya sa hanya ta kauce wa dutse ba. Kuma taswirar bango ba ta bukatar caji, ba ta jiran a kawo wuta.

Saboda haka muna kira ga Sarkin Hausawan Sabo da majalisarsa, da shugabannin 'yan goro da na 'yan shanu da mahauta da 'yan canji, da limamai, su naɗa 'yan mutane kaɗan, cikinsu har da mata da wani mai ilmin zamani, su zagaya makarantun da 'ya'yan unguwa suke zuwa, su zauna da malaman labarin ƙasa da na tarihi su tambaye su abin da suka rasa. Malaman za a tambaya, ba a yi musu zato ba. Abin da aka tara a sayi kaya da shi kai tsaye, kada a miƙa tsabar kuɗi, kuma a ba makaranta baki ɗaya, ɗan Hausa da ɗan Yarbawa da ɗan Ibo su amfana tare, domin kyautar da aka ware wa 'ya'yanmu kaɗai za ta haifar da abin da muke gudu. A kuma sa sharaɗi guda: kayan aji ne, ba na kabad ba. Iyaye maza su daina barin taron iyaye da malamai ga wanda ya ga dama. Wanda bai halarci taro ba, ba shi da bakin cewa an manta da ɗansa.

Ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Oyo kuwa, roƙonmu ƙarami ne. Sufetocin da ke zagaya makarantu su riƙa duba bango kamar yadda suke duba rajista, duk taswirar da ta girmi 1996 a sauke ta. Ofishin Babban Safiyo na jiha da na Tarayya su sauƙaƙa wa makarantu hanyar samun takardunsu. Kamfanonin Jericho kuma, waɗanda suka shekara da shekaru suna cin kasuwar makarantun Arewa, ba za su yi asara ba in sun rage wa makarantun da ke maƙwabtaka da su farashi.

Shi dai mai goron nan na Gusau bai jira kwamiti ba. Washegari ya hau babur zuwa Dugbe ya sayo sabuwar taswira, ya kai wa malamin da hannunsa. Malamin ya yi godiya, ya kuma gaya masa cewa azuzuwa tara ne yake shiga a mako.